Masar Turawa a Agege

Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimar gida ce ta sha kaina. Yau labarin kek na zo muku da shi, kada ku yi dariya tukuna.

Autata ce ta kai izu goma a Islamiyya, muka ce za a yi mata 'yar walima. Na tambaye ta me take so a raba wa ƙawayenta, a raina ina lissafin alkaki da dubulan. Sai ta ce ita kofkek take so, wato ƙananan kek ɗin nan da ake gasawa a cikin 'yar takarda mai siffar kofi. Da na ambaci alkaki, sai ta ce ƙawayenta ba su san shi ba, dariya za su yi mata. Wallahi maganar ta tsaya mini a wuya. Yarinyar da aka haifa a nan Agege, Yarabancinta ya fi Hausarta gudu, yanzu kuma har abincinmu take jin kunya. Inna da ta zo mana daga Kano tana kan tabarma tana jin mu, ba ta ce uffan ba.

Ina da wani littafi da ƙanwar maigida ta kawo mini tsaraba, na gidan kek ɗin nan na Landan mai suna Hummingbird, wanda ya fito a 2009. Shekara da shekaru hotunansa kawai nake kallo. Na buɗe shafin kofkek mai vanila: fulawa giram 120, sukari giram 140, bota giram 40, madara mililita 120, ƙwai ɗaya, bekin foda, ɗan gishiri da vanila. A gasa a zafi 170 na minti 20 zuwa 25, a samu guda 12. Na ce ashe abin ba wuya.

Matsala ta farko vanila ce. Da na karanta jikin kwalbar da aka haɗo mini da ita, sai na ga akwai barasa a ciki. Ashe haka ake tatso ƙamshin daga ɓawon vanila, a Amurka ma doka ce sai barasar ta kai kashi 35 cikin ɗari kafin a kira shi tataccen ruwan vanila. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan, amma ni dai walimar Alƙur'ani zan yi, ba zan ciyar da 'ya'yan mutane abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Na nemo ta gari a shagon masu kayan kek. Don Allah 'yan uwa mata, a riƙa duba jikin kwalba.

Garin wannan bincike na tsinci wani labari. Asalin vanila daga Meziko take, kuma an daɗe ana kai ta wasu ƙasashe tana fure ba ta 'ya'ya. Sai a 1841 wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, a tsibirin Reyuniyon, ya gano yadda ake barbarar furen da hannu. Da dabararsa ake noma ta har yau a Madagaska. Na ce ikon Allah, ashe ita ma vanilar baƙuwa ce, sai da ta samu mai hannu ta zauna.

Gwajin farko kam kunya na sha, kuma laifina ne. Ba ni da sikeli, sai na auna da gwangwanin madara da ido. Na cika takardun har baki, alhali kashi biyu cikin uku ake zubawa. Ana tsakiyar gashi aka ɗauke wuta. Abin da ya fito, sama ya lotsa, ciki ɗanye. Autata ta leƙo ta koma ɗaki, ina jin shesshekarta.

Nan ne Inna ta taso. Ta ɗauki farantin gashin mai ramuka goma sha biyu ta jujjuya shi, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai tanda ce. Masar Turawa kike yi kike ta wahalar da kanki?" Ta sa aka wanko yashi aka shanya, aka zuba a babbar tukunya aka ɗora a kan gawayi. Da yashin ya ɗauki zafi ta kara bayan hannunta, ta ce a rage wuta. Ni kuma na aro sikeli wurin maƙwabciyata Bayarabiya mai yin cincin. Na murza bota da fulawa da sukari har suka yi kamar tsaki, na zuba madara da ƙwai a hankali, ban tsananta bugu ba don kada ya yi tauri. Muka jera ƙananan gwangwanaye a kan yashin, Inna ta rufe ta ɗora garwashi kaɗan a kan murfi, ta hana kowa buɗewa. Da ƙamshi ya cika tsakar gida ta soka tsinke, ya fito fes.

Kirim ɗin bota na sama kuwa, zafin Legas ba ya raga masa, sai da asubar ranar walima na shafa.

Abin da ban sani ba, Inna ta kwana biyu tana tsuma alkamarta. Ranar walima sai ga alkaki a gefen kowane kofkek. Ta ce wa jikar, "Kishiya, ki kai musu. Wadda ta yi dariya ki turo mini ita." Da yamma yarinyar ta dawo da tire wayam, wai ƙawayenta suna tambayar sunan mai zumar nan, ita kuma ta koya musu faɗin "alkaki".

Kakanninmu da suka zo Agege fataucin goro ba su ƙi cin abin da suka tarar ba, ba su kuma yar da nasu ba. Ni na kusa yin faɗa da 'yata a kan zaɓen ɗaya, tsohuwa ta haɗa mana biyun a tire guda. Asabar mai zuwa Inna za ta koya mana alkaki ni da autar, don in faɗa muku gaskiya, ni ma ban iya ba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalam.