Kekunan 'Yan Matan Bihar

Matafiyin da ya bar birnin Patna da sassafe ya nufi Gaya a jihar Bihar zai yi ta cin karo da 'yan mata a kan kekuna. Ayari-ayari suke tafe cikin kayan makaranta, wasu da goyon ƙawayensu, suna fitowa daga 'yan hanyoyin da suka ratsa gonakin shinkafa suna hawa kwalta. Da na fara ganinsu na ɗauka wani biki ake yi. Ashe haka safiya take a wannan yanki muddin ana karatu.

Bihar jiha ce a gabashin Indiya mai iyaka da Nepal, tana kuma cikin mafiya talauci a ƙasar. A ƙidayar 2011 mutanenta sun haura miliyan 100, kuma kusan rabin matanta ba su iya karatu da rubutu ba. Firamare ba ta da wuyar samu, galibin ƙauyuka na da ita a kusa. Inda gizo ke saƙar shi ne aji tara, farkon sakandare, domin makarantar kan yi nisa. Uba talaka ba shi da kuɗin mota kullum, uwa kuma hankalinta ba ya kwanciya 'yarta budurwa ta taka doguwar hanya ita kaɗai, ga zauna-gari-banza a bakin hanya, ga duhun magariba. Sai a ce ta zauna gida tukuna. Daga zaman nan sai maganar aure.

A 2006 gwamnatin jihar ƙarƙashin Nitish Kumar ta fito da wani shiri: duk yarinyar da ta shiga aji tara za a ba ta rufi 2,000 ta sayi keke. A lokacin, a bainar jama'a ake raba kuɗin a harabar makaranta, sannan a kawo rasit. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, don abin da aka bayar a gaban idon gari yana da wuyar salwanta a aljihun wani jami'i.

Wasu masana tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun bi diddigin shirin. Sun auna 'yan matan Bihar da 'yan'uwansu maza, da kuma yaran Jharkhand, jihar da ke maƙwabtaka wadda ba ta da irin shirin a lokacin. Suka gano shigar 'yan mata sakandare a shekarun da suka dace ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, tazarar da ke tsakaninsu da maza ta ragu da kashi 40. 'Yan mata masu zana jarrabawar kammalawa sun ƙaru da kashi 18, masu cin ta da kashi 12. Mafi yawan ƙarin kuwa ya fito ne daga ƙauyukan da ke nesa da makaranta.

Ni dai abin da na fi riƙewa shi ne yawansu a hanya. Yarinya guda a kan keke abin tsegumi ce a ƙauye, amma in suka zama ashirin sai bakin kowa ya mutu, iyaye su samu natsuwa. Kuɗin hannu kan narke cikin cefane, keke kuwa yana jingine a tsakar gida, kowa ya san sunan mai shi da dalilin sayensa.

Ba a ce an gama ba. Na leƙa azuzuwan da suka cika maƙil, malamai ba su wadata ba. Binciken lafiyar iyali na ƙasar na 2019 zuwa 2021 ya nuna kusan mata 4 cikin 10 masu shekara 20 zuwa 24 a Bihar an aurar da su kafin su kai 18.

Duk da haka, tunanin ƙauyukanmu na Jigawa da Damagaram bai bar ni ba. Mun saba ɗora wa iyaye laifin ƙin boko, alhali sau da yawa nisa da tsoro ne ke hana su. Ina roƙon masu riƙe da harkar ilimi a jihohinmu, kafin su sake kiran taron wayar da kai, su taka da ƙafarsu daga ƙauyen zuwa sakandaren da ta fi kusa, su ga hanyar da suke so 'yar shekara goma sha huɗu ta bi kullum.