Daga Kududdufin Kano Zuwa Bakin Teku a Oron

Wanda ya tashi a cikin birnin Kano, ruwan da ya fara sani shi ne kududdufi. In ka hau Dala da damina ka duba ƙasa, za ka hangi waɗannan ramuka da kakanni suka haƙa domin ɗibar ƙasar gini, duk sun cika da ruwa. Iyayenmu kuwa ba su da wani gargaɗi da ya wuce, "Kada in gan ka a bakin kududdufi." Saboda haka da yawa daga cikinmu muka girma ba mu iya iyo ba.

To, ku dubi halin da ƙanwata ta shiga ranar da ɗanta ya sami shiga makarantar koyon aikin jirgin ruwa da ke Oron, a Jihar Akwa Ibom. Ta zo wurina tana hawaye, ta ce, "Yaya, ruwa fa ba sa'an kwando ba ne. Ka je ka gano mini da idonka." Tsoronta yana da dalili. Ran 30 ga Nuwamba 1921 ba mu nan, amma ran 30 ga Nuwamba 2021 muna nan muka ji kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari, tsakanin Badau da Bagwai, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara. An ɗora wa jirgin fiye da ƙarfinsa.

Na kama hanya ke nan. Muka bi ta Kaduna da Lafiya, muka haye kogin Binuwai a Makurɗi, sa'an nan Inugu, Umuahiya, Ikot Ekpene da Uyo. Tun daga Makurɗi ƙasa take sakewa, gero da dawa su ɓace, doya da rogo da kwakwar manja su karɓi hanya. A Oron hanya ta ƙare, sai ruwa. Nan ne kogin Kuros yake buɗewa zai shiga teku, daga nan kuma jirage suke ƙetarawa zuwa Kalaba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ruwan yana cikowa yana janyewa sau biyu a yini da dare. Inda ka ga ruwa da safe, in ka dawo sai ka tarar da taɓo.

An kafa makarantar a 1977, a 1988 kuma aka ba ta sunan da take da shi yanzu, Maritime Academy of Nigeria. Na zaci zan ga yaron cikin ƙaton jirgi. Ashe da ƙanana ake farawa. Ya ce mini, "Kawu, wanda bai iya ƙaramin jirgi ba, ba a ba shi babba." A cikin ƙaramin ne ɗalibi yake koyon riƙon filafili, da tuƙi tare da 'yan'uwansa bisa umurnin mutum ɗaya, da ɗaurin igiya, da yadda ake kai jirgi gaɓa ba tare da an buga shi ba. In ɗaya ya yi gaggawa ko ya yi lalaci, nan take jirgin zai karkace, kowa ya gani.

Akwai kuma jirgin ceto, mai launin ruwan lemo domin a hango shi daga nesa. A jikinsa an rubuta yawan mutanen da zai ɗauka, ba a ƙara ko ɗaya. Ba mai shiga sai da rigar hana nutsewa. Waɗannan dokoki an saye su da rayuka. A 1912 jirgin Titanic ya nutse da jiragen ceto 20 kaɗai, mutum fiye da 1,500 suka hallaka. Bayan shekara biyu ƙasashe suka yi yarjejeniya a kan kiyaye rai a teku, a 1978 kuma suka yi wata a kan horon ma'aikatan jirgi.

Wahala ɗaya tana gaban waɗannan yara. Kafin ɗalibi ya sami takardar hafsan jirgi, sai ya yi wata 12 yana aiki a babban jirgi cikin teku. Tun da aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a 1995, samun wannan gurbi ya zama da wuya, waɗansu sukan daɗe suna jira.

Da na komo Kano na gaya wa ƙanwata cewa ɗanta yana wurin da ake ƙirga mutane kafin a tashi, ake kuma koya masa abin da zai yi in jirgi ya kife. Hankalinta ya ɗan kwanta.

Iyaye, mu ma muna da Tiga da Bagauda da Watari da kogin Wudil, 'ya'yanmu suna haye su zuwa kasuwa da makaranta. In kun ga kwale-kwale ya cika, ku haƙura ku jira sawu na biyu. Ku nemi rigar hana nutsewa, ku sa wa yaro kafin ya shiga. Wanda kuma ya iya iyo, ya koya wa ƙannensa a inda ruwa ba zurfi, da babba a tsaye kusa.