Waɗanda Ba Su Zaɓe Shi Ba

A gidanmu siyasa ba baƙuwa ba ce. Mahaifina tela ne a Fagge, ya yi NEPU yana saurayi, ya tsufa a PRP, kuma da yamma shagonsa majalisa yake komawa. A can na fara jin labarin zaɓen 1979, wanda ya hana su barci. Lokacin jihohi 19 ne, doka kuma ta ce ba ya isa mutum ya fi kowa ƙuri'a, sai ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohin. Shehu Shagari ya samu hakan a jihohi 12. Ta goma sha ukun ita ce Kano, inda jama'a suka bi Malam Aminu, suka bar Shagari da abin da bai kai kashi 20 ba. Lauyansa Richard Akinjide ya ce ai biyu bisa ukun 19 ba 13 ba ne, 12 ne da biyu bisa uku, kotun ƙoli kuma ta yarda da shi, Awolowo da ya kai ƙarar ya faɗi a shari'ar. Baba bai taɓa gamsuwa da wannan lissafi ba har ya koma ga Allah. Amma dokar kanta yana ganin girmanta. Yakan ce mutanen da suka ga yaƙin basasa da idonsu ne suka rubuta ta, don kada wani ya hau mulkin ƙasar nan da ƙuri'ar danginsa kaɗai. Dole ya taka ya je ƙofar bare ya yi sallama.

Ƙuri'ata ta farko ta shugaban ƙasa ranar 12 ga Yunin 1993 na kaɗa ta. Jam'iyyu biyu ne, duka gwamnatin Babangida ce ta ƙirƙire su, SDP mai doki da NRC mai mikiya. Ɗan takarar NRC, Alhaji Bashir Tofa, ɗan birnin Kano ne, gwamnan jihar ma, Kabiru Gaya, ɗan NRC ne. Abokin karawarsa Moshood Abiola Bayarabe ne daga Abeokuta. Duk da haka Abiola ne ya ci Kano, da ɗan rinjaye. Ba wai Kanawa sun manta ɗansu ba ne. Su Abubakar Rimi da sauran gyauron PRP suna SDP, mutane kuma sun san hannun Abiola a masallatai da makarantu da gidauniyoyi tun kafin ya nemi komai a wurinsu. A ƙasa baki ɗaya ya samu ƙuri'a sama da miliyan 8, Tofa kusan miliyan 6. Shi Musulmi, mataimakinsa Babagana Kingibe Musulmi, amma jihohin Kirista da dama sun zaɓe su. Ranar 23 ga wannan wata aka soke zaɓen.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Cikin 'yan watanni maganar ta tashi daga “an ƙwace mana zaɓe” ta koma “rigimar Yarabawa ce”. Na ji mutanen da na san doki suka dangwala wa suna cewa ai gara da aka soke. A Legas kuma aka fara magana kamar duk ɗan Arewa da hannunsa a sokewar, alhali ƙuri'unmu ma aka zubar. Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yulin 1998. Sai a 2018 Buhari ya mai da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, Babangida kuma sai a 2025 ya amsa a littafinsa cewa Abiola ne ya ci. Tun lokacin na san ra'ayin jama'a yana iya tsallake ƙabila, kuma na san yadda yake saurin komawa gida idan manya suka tsorata shi.

Amma darasin da ya zauna mini a ƙashi a Kaduna na same shi, a 2011.

Ina koyarwa a wata sakandare, ina zaune a Tudun Wada. Duk wanda ya san Kaduna ya san tun rikicin shari'a na 2000 da rikicin 2002 kogi ya raba garin: Musulmi yawanci sun tattaru ta arewa, Kiristoci ta kudu, su Sabon Tasha da Television da Romi. A ɗakin malamai muna da wani abokin aiki, malamin lissafi, Kirista daga kudancin jihar, kullum da safe sai ya tsallako gada ya zo aiki. Muna cin abinci kwano ɗaya, muna adashi ɗaya, ya zo sunan 'yata, na je bikin ƙanwarsa. Siyasa ce kawai ba ma taɓawa, kowa yana ganin hakan ladabi ne.

A unguwarmu kuwa ba a maganar komai sai zaɓe. 'Yar'aduwa ya rasu a watan Mayun 2010 bai cika wa'adinsa ba, Jonathan ya gaje shi ya kuma tsaya takara, mutane suna ganin an karya alkawarin karɓa-karɓa, an cinye wa Arewa rabonta. Wurin mai shayi Buhari, bayan sallar isha'i Buhari, mai yankan farce Buhari, kwandastan bas Buhari. Yara suna rera “a kasa, a tsare, a raka”. Ni ma shi na zaɓa, kuma har yau na san dalilina: na gaji da ganin ana wawure dukiyar ƙasa ba kunya, ina neman wanda ɓarayi za su ji tsoronsa.

Aka yi zaɓe ranar 16 ga Afrilu. Sakamako ya fara fitowa: Jonathan sama da miliyan 22, Buhari miliyan 12 da ɗoriya, jihohi 12 ya ci, dukansu a Arewa. Ina tsaye a bakin layinmu wani saurayi da na koyar ya tare ni, idonsa jawur, ya ce, “Malam, don Allah wa ya zaɓi mutumin nan? Wallahi ni ban san ko mutum ɗaya ba.” Yaron ba ƙarya yake yi ba. Duk duniyar da ya sani, daga gidansu zuwa masallaci zuwa garejin da yake koyon aiki, babu mai Jonathan a ciki. A wurinsa, in ba maguɗi ba, wannan lissafi ba ya yiwuwa. Akwai alƙaluman wasu jihohin kudu, inda aka ce Jonathan ya samu sama da kashi 95, da ni ma har yanzu ban natsu da su ba. Sai dai tazarar miliyan 10 ce, kuma akwai miliyoyin mutane masu rai da suka yi layi cikin rana suka zaɓe shi da zuciya ɗaya. Yaron bai taɓa zama da ɗayansu ba.

Abin da ya faru a kwanakin da suka biyo sananne ne. An ƙona coci-coci da gidajen 'yan PDP, har da gidan mataimakin shugaban ƙasa Namadi Sambo a Zariya. An kashe matasa masu bautar ƙasa a Bauci, 'ya'yan mutane da aka turo aikin zaɓe. A Zonkwa da Kafanchan aka yi ramuwar gayya a kan Musulmi, aka kashe ɗaruruwa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta sama da mutum 800 ne suka mutu cikin kwana uku a jihohi 12. Aka sa dokar hana fita, muna cikin gida muna jin ƙarar bindiga. Cikin wannan hali wayata ta yi ƙara, malamin lissafi ne. “Malam, kuna lafiya? Uwargida da yara fa? Kada ka fita, ko me ka ji.” Na ce masa shi ma ya kulle ƙofarsa.

Da aka koma makaranta muka yi maganar da muka daɗe muna kauce mata. Ya ce a layinsu shi ma bai san mutum ɗaya da ya zaɓi Buhari ba, kuma da Buharin aka ce ya ci, samarinsu abin da za su ce ke nan, an yi maguɗi. Na tambaye shi me ya gani a jikin Jonathan. Ya ce shi ɗan ƙaramar ƙabila ne, tun yana yaro ya saba ji ana lissafa masu ƙasar nan, Hausa da Yarabawa da Ibo, ba a taɓa kiran sunan mutanensa ba. Sai ga ɗan Otuoke, wani ƙauye a Bayelsa, a kan kujerar. Sannan ya yi shiru kaɗan ya ce, “Malam, kai da ka ji taron Janar Buhari kana jin gyara. Ni in na ji taron nan yana wucewa, tunanin shekarar 2000 nake yi, ina lissafin ta ina zan bi da yarana.” Mutumin da muke cin abinci tare shekara da shekaru yana ɗauke da wannan tsoro, ban sani ba, don ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa tambayar me ya sa zancen cin hanci yake tafasa mini zuciya ba.

Zaɓen 2015 ya tabbatar da abin da dokar 1979 ta hango. Buhari ya tsaya a 2003 da 2007 da 2011 da farin jininsa na Arewa, bai kai ba. Sai da jam'iyyarsa ta CPC ta haɗu da ACN ta su Tinubu da ANPP aka yi APC a 2013, ƙuri'un ƙasar Yarabawa suka shigo, sannan ya samu miliyan 15 da ɗoriya a kan kusan miliyan 13 na Jonathan. Kafin Farfesa Attahiru Jega ya gama sanar da sakamako Jonathan ya ɗaga waya ya taya shi murna. Ban zaɓi Jonathan ba ko sau ɗaya, amma na ga 2011 da idona, na san rayuka nawa wannan waya ta tsare. Shi ya sa na ji zafi sosai da Buhari ya je Amurka a watan Yulin wannan shekara aka ji shi yana cewa mazaɓun da suka ba shi kashi 97 ba za a daidaita su da waɗanda suka ba shi kashi 5 ba. A majalisarmu an yi ta cewa gaskiya ya faɗa. Ni kuwa fuskar abokina na tuna. Waɗancan masu kashi 5 su ma harajinsu yake karɓa, 'ya'yansu ma soja suke shiga su mutu a Borno.

Zuwa 2023 waya ta ƙara rufe kowa a ɗakinsa. Zauren WhatsApp ɗinka 'yan'uwanka ne, Facebook kuma abin da kake so yake ƙara kawo maka. Ɗalibaina 'yan Kwankwasiyya sun yi imani jar hula ta rufe ƙasa. Kwankwaso ya samu kusan miliyan ɗaya da rabi, kusan miliyan ɗaya daga ciki a Kano kaɗai. Matasan Legas da Inugu da Jos sun yi imani Peter Obi ya gama ci, wasu ƙididdigar jin ra'ayi da aka yi ta waya ma sun nuna shi a gaba, ko da yake a cikinsu akwai ɗimbin mutanen da suka ce ba su yanke shawara ba ko suka ƙi faɗin zaɓinsu. Obi ya kayar da Tinubu a Legas ɗin kanta, ya ci Abuja, amma ya ƙare da miliyan 6.1. Atiku ya samu kusan miliyan 7. Tinubu ya ci da miliyan 8.8, abin da bai kai kashi 37 na ƙuri'un ba. Mutum miliyan 93 ne suka yi rajista, kusan miliyan 25 suka fito, a cikin ƙarancin takardun naira da ya hana mutane ko kuɗin mota. Wato cikin masu rajista goma, wanda ya zaɓi shugaban da ke mulkinmu bai cika ɗaya ba. Bisa doka ya ci, ya kuma cika sharaɗin jihohi. Amma duk wanda ya hau a irin wannan hali, yawancin waɗanda zai mulka ba su ce suna son sa ba, ko dai sun zaɓi wani ko sun zauna a gida. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, tsadar ba ta tambayi kowa wa ya dangwala wa ba.

Tsarin karɓa-karɓa ba ya burge ni, don yana ba rago damar fakewa da yankinsa. Amma na daina raina shi. A 1999 manyan jam'iyyu sun tsayar da Yarabawa biyu, Obasanjo da Olu Falae, don a shafa wa raunin 12 ga Yuni magani, kuma ƙasar ta samu ta numfasa. Mutanen da suke jin an rufe musu ƙofa har abada ba sa zama lafiya, ko a Arewa suke ko a Kudu.

Har yanzu ina da ra'ayi, kuma ina faɗinsa a majalisa ba tare da kunya ba. Abin da na daina shi ne cewa “ai kowa wane yake so”, domin na san iyakar waɗanda kunnena yake kaiwa gare su. In zaɓe ya matso nakan kira malamin lissafi, wanda yanzu ya yi ritaya ya koma garinsu, in tambaye shi me ake cewa a can, wa ake tsoro kuma don me. Sau da yawa ba ma ƙarewa a kan mutum ɗaya. Masu yawon neman goyon baya kuma, in sun zo da hotunan gwaninsu suna lissafa mini abin da zai yi wa Arewa, ina saurara, don ni ma ina son hanya da asibiti da tsaro a ƙauyukanmu. Daga nan sai in tambaye su yadda ya yi da waɗanda suka ƙi shi a wurin da ya taɓa mulka. Yawancin masu neman kujerar nan sun yi gwamna. Sunayen waɗanda suka naɗa suna nan, hanyoyin da suka shimfiɗa da inda suka tsaya suna nan, mutanen ƙananan hukumomin da suka juya musu baya a akwati kuma suna raye, ana iya shiga mota a je a tambaye su.