Lebura Ya Zo, Ba Aiki: Wa Zai Biya?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan leburorin da akan ɗauka aikin mako ko na wata.

Ni akawu ne wurin wani ɗan kwangilar gini, ni ke kiran suna da safe. Sau da yawa mutane sukan yi sammako, waɗansu sun biya kuɗin mota, waɗansu sun tako da ƙafa, sai a ce motar siminti ba ta iso ba, kowa ya koma gida. Ran biya kuwa a zare wannan yini daga ladansu. In an tashe su da hantsi ma, sai a ba su rabi. Su kuwa sai su ce haka Allah ya so.

To, jama'a, doka ba haka ta ce ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974, sashe na 17, ta wajabta wa ubangida ya ba ma'aikacinsa aiki kowace ranar aiki da ya zo lafiya lau. In bai ba shi ba, sai ya biya shi ladan yini cikakke, sai fa in an yi wata yarjejeniya dabam da ƙungiyar ma'aikata. In abin da ya tsai da aikin ya fi ƙarfin ubangidan, kamar ambaliya, ladan ranar farko kaɗai ke kansa, kuma wannan rangwame ba ya wuce mako guda sai da iznin jami'in ƙwadago. Ashe ko laifin direba ne, kuɗin ranar farko nasu ne. Alkawarin baki ma doka ta san da shi. Amma wanda ya zo neman aiki, ba a riga an ɗauke shi ba, ba ya ciki.

Dalilin kuwa a fili yake. Lebura yininsa ya sayar. In hantsi ya yi, ko'ina an gama ɗaukar mutane, ga iyali na jiran cefane.

Saboda haka, 'yan'uwana akawuna, mu riƙa rubuta sunan duk wanda ya zo, da lokacin da aka sallame shi, gama rajistar nan ita ce shaidarsa a ofishin ƙwadago. Ku kuma malamai, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Allah ya raba mu da cin gumin talaka, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kaduna.