Saltaire, garin da masaƙarsa ba ta zama kango ba

Daga Bradford da ke arewacin Ingila, tafiyar 'yan mintuna ce a jirgin ƙasa zuwa Saltaire. Kana sauka a tasha ga masaƙar nan tsaye a gabanka, ƙaton gini na dutse, bututun hayaƙinta ya yi sama ya zarce komai a garin.

Titus Salt ne ya buɗe ta a 1853. Attajiri ne da ya yi arziki da saƙar gashin alfaka, wata dabba ta Kudancin Amurka. A zamaninsa Bradford ta cika da hayaƙi da ƙazanta, kwalara kuma ta yi ɓarna a 1849, sai ya tattara harkarsa ya koma bakin kogin Aire, inda layin dogo da hanyar kwale-kwalen Leeds zuwa Liverpool suka ratsa. Ma'aikata wajen 3,000 ya ɗauka. Ya gina musu gidaje fiye da 800, da makaranta, da asibiti, da coci, da gidajen tsofaffi. Mashaya kuwa, ya hana ta. Ba zan ce tausayi zalla ba ne, domin wanda ke biyan ka albashi shi ne kuma mai karɓar kuɗin hayarka. Amma gidajen suna nan daram, da mutane a ciki, a titunan da ya raɗa wa sunayen matarsa da 'ya'yansa.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne bayan injuna sun tsaya a 1986. Duk wanda ya san yadda ciyawa ta cinye masaƙun Kakuri a Kaduna ya san abin da ke biyo baya. A nan kuwa, shekara na zagayowa wani ɗan kasuwa, Jonathan Silver, ya sayi ginin, ya rataya zane-zanen abokinsa David Hockney, ɗan Bradford, a zauren da a dā ƙarar injuna ke hana jin magana. Yau akwai kantin littattafai a ciki, da wuraren cin abinci, da ofisoshin kamfanoni. Ba a rushe ginshiƙan ƙarfen ba, ba a kuma lulluɓe bangon dutsen da siminti ba. Shiga kyauta ne.

A 2001 UNESCO ta sa garin gaba ɗaya cikin wuraren tarihi na duniya.