Kututturen da Ke Tsakiyar Gona

Idan ka bi kwalta daga Maraɗi zuwa Agye, ka zarce Gazawa, a watan Afrilu ko Mayu, ka dubi gonaki. A ƙasa ba komai sai rairayi da guntayen kara. Amma akwai itatuwa. Sabara nan, kalgo can, gawo a tsakiya, aduwa a bakin iyaka. Ba a jere suke ba, don ba wanda ya dasa su. Ka matsa kusa da ɗaya ka duba gindinsa. Sau da yawa za ka tarar da tsohon sara, ya yi baƙi ya bushe, sabon itacen kuma daga gefensa ya fito.

Dattawa sun san lokacin da ba haka abin yake ba. Manomin kirki a da shi ne wanda gonarsa take fes. Da bazara a yi sassabe, a sare duk abin da ya tofo, a tara a cinna wuta. Itace kuwa a wancan zamani na gwamnati ne. Ka bar shi ya girma a gonarka, ranar da ka sari reshe ma'aikatan gandun daji su zo da tara. To me zai sa ka bar shi? Sai iska ta samu fili. A shuka hatsi, yashi ya binne tsiron, a sake shukawa. Mata suna tuƙa tuwo da wutar kara da kashin shanu.

Abin da ake kira sassabin zamani ba shi da wuyar faɗi. Kututture yakan fito da tofo da yawa a tare. Ka zaɓi uku zuwa biyar da suka fi miƙewa, ka datse sauran da ƙarfe mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Saiwar ta daɗe a ƙasa, ta riga ta kai inda laima take. Ba leda, ba ban ruwa, ba kuɗin proje.

Ga yadda abin ya faro. Mishan ɗin SIM ya shigo Nijar ta Damagaram a 1924, ya kafa tasha a Tsibiri, cikin gundumar Gidan Rumji ta yau, wajen ƙarshen shekarun 1920. A 1981 ya kawo wani matashi ɗan Ostareliya mai ilimin noma, Tony Rinaudo, Maraɗi. Aikinsa ya rena itatuwa a leda ya kai ƙauyuka a dasa. Ya yi. Rana ta ƙone wasu, awaki suka ci wasu, gara ta ƙarasa sauran. Ko ɗaya cikin goma da ƙyar yake rayuwa. Shi da kansa yakan ba da labarin yadda a 1983 ya tsaya a kan hanya don ya rage iskar taya saboda yashi, zuciyarsa ta gaji, ya yi addu'a Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tofo da ya sha wucewa. Ganyensa na itace ne, ba na ciyawa ba.

A nan yawanci masu ba da labarin suke tsayawa su yi tafi. Ni abin da ya biyo baya ya fi tsaya mini a rai. A 1984 aka yi yunwar da mutanen nan suke kira El Buhari. Aka riƙa ba da abinci ga wanda ya yarda ya bar itace a gonarsa, aka tsare itatuwa kimanin 500,000. Da yunwa ta wuce, abinci ya tsaya, aka sare kusan kashi biyu bisa uku. Wato bayan addu'ar da aka amsa, an sake faɗuwa. Da ragowar kashi ɗayan nan aka ci gaba.

Yau ana maganar itatuwa miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Lambar ta dace. Amma ka je Ɗan Saga, arewa da Agye, ka ji yadda aka yi. Da itatuwa suka fara girma, ɓarayi suka fara sara da dare. Sai ƙauyuka suka kafa kwamitin tsaro, da manoma da makiyaya da mata a ciki, aka sa doka da tara. Galibin masu wannan aiki Musulmi ne, kuma ba don su cika wa'azin kowa suka yi ba. Makamashi suke so, da abincin dabba, da inuwar da za ta sa iri ya tsira.

Duk da haka mu Kiristocin yankin nan, idan muka ga kututturen, wani wuri a Littafi Mai Tsarki yakan faɗo mana, sura ta 14 ta littafin Ayuba. Annabin da kowa a ƙasar Hausa ya san shi da haƙuri. A wurin yana cewa itacen da aka sare yana da sauran sa zuciya, don da ya ji ƙanshin ruwa zai sake toho. Fastoci suna son ayar, musamman da farkon damina. Amma ka karanta gaba kaɗan. Ayuba ba ta'aziyya yake yi ba, ƙorafi yake yi. Cewa yake itace ya fi mutum sa'a: shi a sare shi ya dawo, mutum kuwa in ya kwanta ya kwanta ke nan. Mutumin da ya binne 'ya'yansa goma ne yake magana, yana zaune cikin toka yana susar miki da tsingaro.

Na fi amincewa da Littafin saboda ya bar wannan ƙorafi a ciki, bai goge ba. Uwar da ta rasa ɗa a yunwar 2005, lokacin da cibiyoyin tamowa suka cika a jihar Maraɗi, ba ta bukatar a ce mata komai zai dawo. Ta san abin da bai dawo ba.

Ikilisiyar nan ma ta san sara. Kusan shekara ɗari da zuwan bishara Tsibiri, Kirista a Nijar har yanzu 'yan ƙalilan ne ƙwarai. A ƙauye majami'a ɗaki ɗaya ce ta laka, wani lokaci rumfar kara, da benci kaɗan da ganga. Ikilisiyar EERN, wadda ta fito daga aikin mishan a farkon shekarun 1960, ta rabu daga baya, kuma rabuwar daga cikin gida ta taso. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, 45 a Yamai kaɗai bisa lissafin 'yan sanda. A Yunin 2019 aka ƙona wata a unguwar Zariya, cikin Maraɗi. A irin waɗannan ranaku an samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗaka, wannan ma a riƙa faɗa.

Yawancin wahalar ma ba ta tambayar addinin mutum. Tun 2019 dubban mutane suke tsallako iyaka daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, suna gudun 'yan bindiga, suna sauka a ƙauyukan Gidan Rumji. Aka zaunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Satar shanu da satar mutane suka biyo su har wannan ɓangare. Wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ko Alhaji ne ko dattijon majami'a, gonar ta tafi.

To ina begen yake? A waya akwai masu wa'azi da yawa yanzu, da kwat da amsa-kuwwa, suna alkawarin mota da biza da warkewa kafin ƙarshen wata. Ban ga abin da zai burge mai gona a Gazawa a ciki ba. Ya taɓa ganin dashen da aka kawo a leda, kore shar, ana ɗaukar hoto. Ya ga yadda ya koma bayan wata uku.

Begen da na gani yana riƙe mutane a nan ya fi wannan tsufa, ya kuma fi shi rashin ado. Annabi Ishaya, a sura ta 11, ya yi maganar gidan sarautar Dawuda bayan an sare shi, ya ce daga kututturen Yesse, mahaifin Dawuda, wani toho zai fito. Mu Kirista mun gaskata Yesu Almasihu ne. Mun gaskata kuma shi ne amsar ƙorafin Ayuba, don an kashe shi, an binne shi, ya tashi. Abin lura shi ne yadda Bishara ta Yohanna ta nuna shi bayan tashin. Raunukan ƙusa suna nan a hannunsa. Su ya nuna wa Toma. Saboda haka mai bi ba ya bukatar ya ɓoye tabonsa kafin ya shiga sujada, ba kuma dole ya ce bai ji ciwo ba.

Irin wannan bege aiki ne, kuma yana da datsa a ciki. Wanda gobara ko bashi ko rasuwa ta sare, abubuwa da yawa sukan taso masa a lokaci ɗaya: fushi, son ramuwa, tunanin barin gari, kunya. Ba duka za a bari su girma ba. Sai an zauna da shi an zaɓi kaɗan da za su ɗauke shi, a kuma yi tsaronsu, don mutum ɗaya ba ya iya gadin kansa da dare. Wannan ne aikin da zumuntar mata take yi idan ta je gaisuwa gidan gwauruwa bayan kowa ya daina zuwa. Shi ne aikin masu bisharar da suke fitowa daga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye, su koma ƙauye su yi noma kamar kowa. In fari ya zo, da gonarsu yake haɗawa. Ranar Lahadi su tsaya gaban mutanen da suka san ainihin damin da fasto ya samu bana.

Da kaka akan yi sujadar godiya, ko shekarar ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wani ya kawo dami, wani tiya biyu ta wake, wata ƙwaryar riɗi ko aya, wata kaza a ɗaure. Ma'aji yana rubutawa a littafi da sunan kowa. A wasu ikilisiyoyi akan ware wani kashi a ajiye, ba a taɓa shi sai cikin Agusta, lokacin da rumbuna suka yi fayau kuma tiyar hatsi ta yi tsada a kasuwa.