Kuɗin Fati da Kwanon Maƙwabta



Mu da Allah ya azurta da ƙananan yara ba ma jiran kalanda ta faɗa mana Disamba ta kama. Da hunturu ya fara fasa leɓe, aka shiga shafe yara da man kaɗe har suna ƙyalli, sai wata takarda ta fito daga jakar makaranta. Takardar fati ce. A ciki an rubuta kuɗin da kowane yaro zai biya, da kalar rigar da zai sa, da jar hula, wani lokaci har da kyautar da zai kawo a yi musanya da ɗan ajinsu. Daga ranar hirar iyaye a ƙofar makaranta takan sauya. Masu jiran a tashi yara, daga mai babur har mai mota, kowa zancensa ke nan.

A nan Kaduna yawancin makarantun kuɗi da 'ya'yanmu ke zuwa akwai Kirista akwai Musulmi, shi ya sa da dama suke kiran abin fatin ƙarshen shekara. Ko wane suna aka sa masa, takardar ba ta tambayar addinin uba. Wannan ta ce a tasu makarantar dubu biyar aka yanka, waccan ta ce ai gara ku, mu dubu goma ne, ga yara uku. Wani uba ya yi dariyar yaƙe ya ce shi tun Nuwamba ya kai wa tela yadi, har yau bai ga ko hannun riga ba. Wata kuma lissafin kuɗin mota take yi, domin kakan yara ya ce lallai a kawo masa jikokinsa Zonkwa, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ke tashi a garejin Television idan Kirsimeti ta matso.

Lissafin ba na wasa ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya ɗaga. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira dubu 70 ne, alhali a ƙarshen shekarar 2024 buhun shinkafa shi kaɗai ya haura wannan kuɗi. Ga kaza, ga mai, ga fulawar cincin, ga takalmin yara. Bayan duk wannan Janairu na tsaye a bakin ƙofa da kuɗin makaranta na zango na biyu, wasu har da kuɗin haya. Yawancinmu kuma ba mu daɗe da fara aiki ko sana'a ba, aurenmu ma bai tsufa ba.

Ba za mu ɗora wa makarantu laifi gaba ɗaya ba. Su ma haya suke yi: rumfa, kujeru, mai kiɗa, janareta, gidan tsalle na iska, da jar rigar Baba Kirsimeti da akan sa wa wani malami ko mai gadi, a manna masa gemun auduga. Rabin 'yan nazare kuka suke fashewa da shi idan sun gan shi. A ƙarshe yaro ya dawo gida da leda mai biskit, alawa, balan-balan da kofin roba. Kafin magariba balan-balan ya fashe, kofin kuma ya shige ƙarƙashin gado.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yaron da ba a biya masa ba. Kowannenmu ya san irinsa. Uwarsa takan ce wa Anti zazzaɓi yake yi, ta bar shi a gida ranar fati. A wasu wurare yakan zo, a zaunar da shi a aji yana jiyo kiɗa ta taga. Yaro ɗan shekara huɗu bai san dubu biyar ba, amma ya san an ba kowa leda shi ba a ba shi ba. Ya kuma san fuskar uwarsa idan tana ƙoƙarin yi masa bayanin da ita kanta bai gamsar da ita ba. Wannan tsoro ne ke sa iyaye cin bashi, ko ɗaukar adashi kafin lokacinsa, don kada ɗansu ya zama shi ne na bakin taga.

Daga fatin makaranta abin ya yaɗu zuwa bikin ranar haihuwa. Yau idan yaro ya cika shekara uku sai an kai kek aji, tare da leda ga kowane ɗan ajin. Wanda ya karɓa wata tara yana jin nauyi idan nasa ya zo bai kai ba. Sai hotuna su hau waya, kowa ya gani, gasa ta ci gaba ba tare da wani ya ce gasa ake ba.

Amma mun lura da wani abu. Duk lokacin da hirar ƙofar makaranta ta yi tsawo, sai ta gangara zuwa namu yarintar. Kuma babu wanda ya taɓa cewa yana tuna wata leda. Abin da kowa ke ambata shi ne kwano.

Waɗanda suka tashi a gidajen Kirista a cikinmu suna tuna yadda Mama ke tashi tun kafin asuba ranar 25 ga wata, ta hura icce, ta ɗora babbar tukunya. Tun jajibiri Baba ya aika a kira maƙwabci Musulmi ya yanka kaza ko akuya, domin abincin ya shiga kowane gida ba tare da shakka ba. A yi wa yara wanka a cikin sanyi, a sa musu sabbin kaya da aka ɗinka da girma don su kai baɗi, ga gilashin roba, ga agogon da ba ya tafiya. A coci 'yan makarantar Lahadi su yi wasan haihuwar Yesu a Baitalami, mala'ika ya yafa zanen gado, makiyaya su ari sandar kaka, Zumuntar Mata su cika wuri da kiɗan tulu. Da an dawo gida sai a jera langa-langa, a zuba shinkafa da miya, a ɗora nama, a ƙulla cincin a gefe, a ce wannan na gidan Alhaji ne, wannan na Maman 'yan biyu, wannan na tsohuwar nan ta bayan layi.

Waɗanda suka tashi a gidajen Musulmi kuma suna tuna ɗaya ɓangaren: sallamar yara a ƙofa, da yadda Inna ke juye abincin, ta wanke kwanon, ta sa wani abu a ciki, ko gyaɗa ce, ko ƙwai, ko naira ashirin a hannun ɗan aike. Kwano ba ya komawa wayam. Idan Babbar Sallah ta zo, su ne za a ɗora wa soyayyen nama a ce su kai gidan Baban su wane.

A wannan yawo ne muka koyi abubuwan da ba a koyarwa a aji. Mun koyi durƙusawa mu ce, “Mama ta ce a kawo, tana gaisuwa.” Mun koyi cewa ba a ƙirga kuɗin tukuici a gaban mai bayarwa. Mun san wane gida ne ake sallama a tsaya a zaure, wane ne ake shiga kai tsaye. Mun san sunayen mutanen unguwa, su ma sun san mu ɗan wane ne. Ba a biyan ko sisi kafin a shiga wannan biki, kuma ɗan mai wanki da ɗan ma'aikacin banki layi ɗaya suke bi.

To, me ya kashe shi? Mu mutanen Kaduna mun san amsar. Da yawanmu muna goye, wasu ma ba a haife su ba, lokacin rikicin Fabrairun 2000. Sai na Nuwamban 2002, sai na bayan zaɓen 2011. Kowane ɗaya ya sa mutane sun tattara kaya sun koma inda suke ganin nasu sun fi yawa. Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, Kirista suka fi taruwa a kudu irin su Sabon Tasha da Narayi, Musulmi suka fi yawa a arewa irin su Tudun Wada da Rigasa. Mu da muka ɗanɗani yawon kwano, wutsiyarsa muka kama, a unguwannin da suka rage a cakuɗe kamar Barnawa da Kakuri. Iyayenmu su ne suka ga cikarsa.

Bayan wannan sai ga tsoron satar mutane. Yau wa zai aiki yaro ɗan shekara biyar layi na gaba shi kaɗai? Katangu sun yi tsawo, ƙofofi na rufe, mai haya a ɗaki na kusa ma sai a yi wata ba a san sunansa ba. Wannan gurbi ne fatin makaranta ya shigo ya cike. Akwai get, akwai mai gadi, hankalin uwa a kwance. Mun koma muna biyan kuɗi don 'ya'yanmu su samu abin da unguwa ke bayarwa kyauta, kuma abin da muke saya bai cika ba. A fati yaro hannu yake miƙawa ya karɓa. A yawon kwano shi ne mai kaiwa.

Muna jin daɗi idan muka ga labarin yadda Musulmi ke zuwa cocin Fasto Yohanna Buru a nan Kaduna duk shekara don taya Kirista murnar Kirsimeti. Abin a yaba ne. Sai dai taron manya ne. Yaron da bai taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, bai taɓa cin abincin tukunyarsu ba, zai girma da abin da ya ji ana faɗa a kansu kawai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nan da shekara ashirin waɗannan 'yan nazare su ne samarin gari, kuma mun ga abin da ke faruwa idan samarin gari ba su san juna ba.

Daga hirarrakin da muke yi, ga abin da muka ga zai yiwu ba tare da jiran gwamnati ba.

A taron iyaye da malamai na farkon zango ya kamata a yanke maganar fati, tun kafin takarda ta fito. A tsayar da kuɗin da mai yara uku zai iya, a rage abin da ba dole ba, a kuma yi yarjejeniya cewa ranar fati babu yaron da za a bari a aji. Wanda Allah ya hore wa ya biya na yaro ɗaya a kan nasa, ya miƙa wa malama a ɓoye, kada uwar ta san wanda ya biya. Iyayen da addininsu bai ba su damar tura yaro ba kuma a girmama su, kada a tilasta musu biyan abin da ba za su halarta ba.

A gidajen haya da muke zaune, tabarma biyu a tsakar gida sun isa biki. Wannan ɗaki ya kawo zoɓo, wancan cincin, wani ya soya ƙuli ko ya yanka kankana. Yara su yi waƙa, su yi 'yar ɓuya, wata kaka ta yi musu tatsuniya. Nokawut dai a raba su da shi, hannun yaro ya fi ƙarar daraja.

Sannan a dawo da kwano. Idan ba za a iya aiken yaro shi kaɗai ba, a riƙe hannunsa a raka shi. Gida uku ma ya isa. A sa gidan maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba a ciki, a kula da maganar yanka kamar yadda iyayenmu suka kula. A sa gidan matar da mijinta ya rasu bana, da mai gadin layi, da mai ruwan da ke kawo mana kura. A bar yaron ya riƙe kwanon da kansa, ya yi sallamar da bakinsa, ko da zai yi in-ina. Wanda aka kawo wa ya karɓa da sakin fuska, ya tuna hanyar gidan idan Sallah ta zo. Zumunci a ƙafa yake.

Akwai magana ɗaya da iyaye mata ke yawan yi, ya kamata maza su ji. A gidaje da yawa uwa ce kaɗai ba ta yin Kirsimeti. Ita ce kasuwa, ita ce murhu, ita ce wankan yara, ita ce wanke-wanke, wani lokaci har sujada ta wuce ta. Maigida ya ci ya ƙoshi ya fita wajen abokai sai dare. Idan uba ya ɗauki rakiyar yara kai abinci, ya rage mata aiki ɗaya, ya kuma gaisa da maƙwabtan da ya shekara yana wucewa a kan babur.

Wanda yake da halin biyan fati ya biya, babu laifi yara su yi rawa su ci kek. Wanda ba shi da hali kada ya ci bashin da zai hana shi barci a Janairu. Daidai ruwa daidai tsaki. Mudu biyu na shinkafa da kaza ɗaya sun isa gida su kuma cika langa uku.

Ga 'yan uwa masu bikin Kirsimeti muna yi muku barka. Masu tafiya Kafanchan, Kagoro, Jos, Zuru ko Billiri, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Muna son jin naku: a unguwarku har yanzu kwano na yawo, ko ya tsaya? Idan ya tsaya, gidan wa za ku fara kai wa bana?